Sammore a Jikin Kare: Nazarin Yadda Garkuwar Jikin Wani Karen Gadi ta Yi Fama da Cutar a Legas

Mako uku bayan Babbar Sallah, damina ta kankama a Legas, aka kawo mini wani kare a bayan motar a-kori-kura daga wani siton albasa da ke kusa da kasuwar Mile 12. Mai siton, wani Alhaji da ya shekara fiye da ashirin yana sauke kaya daga Arewa, shi ya biya kuɗin mota, amma wanda ya riƙo karen a cinyarsa har ƙofar asibitinmu maigadinsa ne, dattijo mutumin ƙasar Sakkwato wanda ya yi kiwon shanu a ƙuruciyarsa kafin neman abinci ya kawo shi Kurmi. Sunan karen Duna, namiji ne ɗan shekara uku, ruwa biyu tsakanin karen gida da irin na Jamus, kuma aikinsa gadin sito da dare. Na rubuta wannan nazari ne domin abin da ya faru a jikin Duna ya fito da wani al'amari da masu karnuka, har da wasu daga cikinmu masu duba dabbobi, ba su cika lura da shi ba, wato mafi yawan ɓarnar da sammore, cutar nan ta dabbobi da ƙudan tsando ke yaɗawa, ke yi wa kare garkuwar jikinsa ce ke yin ta da hannunta, a ƙoƙarinta na cafke abokin gaba mai sauya kama.

Labarin da maigadin ya ba ni shi ne, kimanin kwana goma sha biyu da suka wuce Duna ya ƙi abinci, jikinsa ya yi zafi, ya shige ƙarƙashin buhuna ya kwanta, ko baƙo ya shigo ba ya ɗaga kai. Suka ɗauka zazzaɓin kaska ne, wanda shi kowa ke fara zargi a Legas, aka kira wani yaro mai sayar da magungunan dabbobi ya yi masa allurar oksitetirasaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, aka haɗa masa da maganin ƙarin jini. Bayan kwana uku ya miƙe, ya ci abinci, ya yi haushi, kowa ya ce allura ta yi aiki. Ba a yi mako ba ya sake kwantawa, aka sake allurar, ya sake tashi, sai dai wannan karon bai koma yadda yake ba. Ya rame, fuskarsa ta kumbura, sannan wata safiya aka wayi gari idonsa na hagu ya yi fari mai ratsin shuɗi kamar an ɗiga masa madara, washegari na dama ya bi sahu, ya fara karo da buhuna. A nan ne dattijon ya dube ni ya ce, "Likita, ni dai ban san ciwon karnuka ba, amma da saniya na gani tana ramewa tana hawaye, yau ta tashi gobe ta kwanta, da na ce maka sammore ne." Na ce masa, "Baba, riƙe wannan magana, bari mu duba jini mu gani."

Da na duba shi, zafin jikinsa ya kai digiri 40.4, alhali na lafiyayyen kare ba ya cika wuce 39.2. Nauyinsa kilo 24, haƙarƙarinsa duk a waje. Dasashinsa da cikin fatar idonsa sun yi fari fat. Kaluluwa ta fito masa a ƙarƙashin muƙamuƙi, da gaban kafaɗa, da bayan gwiwa, kowace ta kai girman goro, kuma da na danna cikinsa a hankali na ji saifarsa ta kumbura ta sauko ƙasa da inda ya kamata ta tsaya. Fatar idanunsa da maƙogwaronsa da marenansa sun tara ruwa, idan aka danna da yatsa sai gurbin ya zauna. Idanun biyu sun yi hakiya, yana runtse su idan haske ya taɓa su, amma da na ɗiga ruwan gwaji mai launin kore ban ga gyambo a kansu ba, abin da ya nuna cewa matsalar daga cikin idon ta taso. Kaska biyu kawai na samu a kunnensa.

Gwajin jini ne ya raba gardama. Kason da jajayen ƙwayoyi suka ɗauka a jininsa, wanda muke kira PCV, ya faɗi zuwa 18 cikin 100, alhali na lafiyayyen kare yana tsakanin 37 da 55. Na ɗiga digo ɗaya na ɗanyen jinin a kan gilashi na sa a madubin likita, kuma tun kafin in daidaita hasken na ga jajayen ƙwayoyin suna girgiza a wurare da dama, kamar gero a cikin ƙwarya da wani abu ke motsi a ƙarƙashinsa. Da na ƙara girman gani sai ga su, siraran halittu masu kama da ƙananan macizai, suna murɗawa suna ture ƙwayoyin jini gefe da bulalarsu. Na kira dattijon ya sa ido ya gani da kansa, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sannan ya ɗago ya ce ashe abin da ya cinye garken mahaifinsa ke nan. Da muka rina jinin da Giemsa siffarsu ta fito sosai: akwai dogaye sirara masu bulala a sake da fatar gefe mai kaɗawa, akwai kuma gajeru masu kauri marasa bulala sosai. Wannan cakuɗa ta dogo da gajere alama ce ta irin ƙwayar sammore da ake kira Trypanosoma brucei, domin a cikin sauran ire-irenta Trypanosoma congolense ƙarami ne kuma ba shi da bulala a sake, shi kuwa Trypanosoma evansi na raƙuma ba a cika ganin gajerun a cikinsa ba. Ban ga ƙwayar zazzaɓin kaska ko ɗaya a cikin jajayen ƙwayoyin ba. Fararen ƙwayoyin jini da ƙwayoyin daskarar da jini duk sun ragu. Jimillar furotin ɗin jininsa kuwa ta haura zuwa giram 8.6 a kowace desilita, amma albumin, furotin ɗin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini, 2.1 ne kawai a ciki, saura duk gulobulin ne, wato ɓangaren da makaman garkuwar jiki ke ciki. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ya fi jan hankalina, kuma zan dawo kansa.

Tambayar da ta biyo baya ita ce ta ina sammore ya samu karen da aka haifa a Legas, wanda bai taɓa fita daga harabar sito ba. Ƙudan tsando, wanda shi ne ke yaɗa cutar a al'ada, yana son inuwar bishiyoyi da bakin rafi, ba ya zama a tsakiyar kwalta da hayaƙin motoci. Da na matsa da tambaya a kan abincinsa, dattijon ya tuna cewa a jajiberen Sallah wani ramammen sa da aka sauke daga tirela ya faɗi ya kasa tashi, aka yanka shi nan take a bayan siton, aka jefa wa Duna saifa da guntun huhu da ƙasusuwan kai tun jinin yana da ɗumi. Kwana tara bayan haka zazzaɓi ya fara. An daɗe da sanin cewa dabbobi masu cin nama suna kamuwa ta wannan hanya, domin ƙwayar tana rayuwa na wani ɗan lokaci a ɗanyen jini da kayan ciki, kuma ƙashi yana yi wa dasashi ƙananan raunuka da take bi ta shiga. Mutanen da suka ci naman san nan ba abin da ya same su, na farko domin dafuwa tana kashe ƙwayar, na biyu domin jinin ɗan Adam yana ɗauke da wani furotin da ake kira APOL1 wanda ke fasa irin wannan ƙwaya ta dabbobi. Kare ba shi da wannan kariya. Duk da haka mun yi aiki da jinin da safar hannu, saboda irin da ke jawo wa mutane ciwon barci a Afirka ta Yamma, wato gambiense, ba a iya bambanta shi da wannan a madubin likita.

Raunin kare a gaban wannan cuta tsohon sani ne. David Bruce, likitan sojan Birtaniya wanda aka raɗa wa ƙwayar sunansa a 1899, lokacin da yake binciken cutar shanu a ƙasar Zulu a 1894 da 1895, ya ɗauki jinin shanu marasa lafiya ya sa wa karnuka da dawakai, suka kamu da ciwo mai tsanani, jininsu ya cika da ƙwayar. Saniya takan ɗauki wannan iri ta yi ta fama da shi a hankali, amma kare da doki yakan kayar da su cikin makonni idan ba a yi magani ba. Dalili ɗaya shi ne wannan iri ba ya tsayawa a cikin jijiyoyin jini kawai, yana ratsa bangonsu ya shiga nama, da zuciya, da ido, daga baya har ƙwaƙwalwa.

Yanzu ga abin da ya gudana a jikin Duna tun daga ranar da ƙwayar ta shiga. Masu tsaron farko su ne manyan ƙwayoyin da ake kira makurofaj, waɗanda aikinsu haɗiye duk baƙon abu, kuma sun fi yawa a hanta da saifa. Da suka ci karo da ƙwayar sammore da tarkacenta, sai suka saki sinadaran saƙo da ake kira saitokin, waɗanda ke tayar da sauran rundunar garkuwa. Waɗannan sinadarai ne suka ɗaga zafin jikinsa, suka kashe masa sha'awar abinci, suka sa shi kwanciya. Ɗaya daga cikinsu, TNF, yana da tarihi da sammore kai tsaye, domin masu binciken dalilin ramar dabbobin da suka kamu da cutar ne suka gano wani sinadari da ke hana jiki adana kitse, daga baya a 1985 aka tabbatar cewa shi ne TNF. Saboda haka ramar da ta tayar wa maigadin hankali ba rashin ci kaɗai ya kawo ta ba, jikin ne da kansa ya shiga ƙona abin da ya tara. Bayan 'yan kwanaki kuma fararen ƙwayoyin da ake kira B suka fara ƙera antibodi, wato makaman furotin da ake ƙerawa daidai da siffar abokin gaba, su manne masa, su yi masa alamar da za ta sa a fasa shi ko a haɗiye shi. Wannan mataki ya yi nasara ƙwarai, domin ya share kusan dukkan ƙwayoyin da ke jinin, shi ya sa Duna ya miƙe ya ci abinci a kwana na uku.

A nan ne dabarar ƙwayar take. Jikinta duka a lulluɓe yake da riga mai kauri da aka saƙa da furotin iri ɗaya, kimanin guda miliyan 10 a jere babu tsaga, kuma wannan riga ce kaɗai garkuwar jiki ke iya gani. Keith Vickerman ne ya bayyana rigar a 1969, George Cross kuma ya tace furotin ɗin a 1975, shi ake kira VSG. Ƙwayar tana da ƙwayoyin gado kimanin 2,000 na saƙa wannan riga, wasu cikakku, mafi yawa guntaye da take haɗa su ta fitar da sabon salo, amma a kowane lokaci riga ɗaya kawai take sawa. A cikin miliyoyin da ke yawo a jini, kullum akwai 'yan kaɗan da suka riga suka sauya riga. Idan antibodi ya share masu tsohuwar riga, waɗannan 'yan kaɗan ba abin da ya taɓa su, sai su hayayyafa su cika jinin, jiki kuma ya koma farko ya fara ƙera sabon makami wanda zai ɗauke shi kwanaki. Bayan haka, idan antibodin da ya manne mata bai yi yawa ba, ƙwayar tana iyo gaba, ruwan da take ratsawa yana tura shi baya zuwa wani ɗan aljihu da ke gindin bulalarta, ta haɗiye shi cikin 'yan mintoci. Su kuwa gajerun nan masu kauri da na gani, su ne waɗanda suka daina hayayyafa da suka ji sun yi yawa, domin kada su kashe mai masaukinsu kafin tsando ya zo ya ɗauke su. Wannan hawa da sauka Ronald Ross da David Thomson suka fara lissafa shi a 1910 a Libaful, inda suka riƙa ƙirga ƙwayoyin a jinin wani majinyaci kowace rana.

Wannan hawa da sauka ne ya yaudari mutanen siton. Oksitetirasaikilin ba ya kashe ƙwayar sammore. Sau biyu ana yin allurar a daidai lokacin da zazzaɓi ya kai ƙololuwa, wato lokacin da antibodi ke gab da yin aikinsa, kuma sau biyu allurar tana karɓar yabon da ba nata ba. Kwana goma sha biyun da aka yi ana wannan zagaye su ne suka ba ƙwayar damar shiga ido, kuma ina ganin da an ɗiga jini a gilashi tun ranar farko, wanda aikin minti biyar ne, da Duna bai yi hakiya ba.

Gulobulin ɗin nan da ya haura shi ne shaidar yawan aikin da garkuwar ke yi. A sammore, ƙwayoyin B suna tashi gaba ɗaya ba tare da tantancewa ba, su yi ta zubo antibodi na nau'in IgM, wanda shi ne makamin gaggawa na farkon kowace cuta. Kaɗan daga ciki ne ke kama ƙwayar sammore, da yawa ba su da abin kamawa, wasu kuma sai su manne wa sassan jikin karen da kansa. Kumburin kaluluwa da na saifa daga nan yake, domin su ne ma'aikatun da ake wannan ƙira dare da rana. Wanda ya ji kaluluwar Duna a hannunsa ya kuma ga adadin gulobulin ɗinsa ba zai ce garkuwarsa ta yi barci ba. Abin da ya same ta ya fi kama da mutumin da ke ɗiban ruwa da kwando, ga wahala ga gumi, randa kuma ba ta cika ba.

Ƙarancin jinin ma daga nan ya fito, kuma shi ne abin da ya fi barazana ga ransa a ranar da aka kawo shi. Ƙwayar sammore ba ta shiga cikin jajayen ƙwayoyi ta fasa su yadda ta zazzaɓin kaska ke yi. Abin da ke faruwa shi ne, guntayen rigarta da take zubarwa suna mannewa a jikin jajayen ƙwayoyin, antibodi ya zo ya manne a kansu, sai makurofaj na saifa da hanta, waɗanda dama a fusace suke, su haɗiye ƙwayar jinin gaba ɗaya suna zaton abokin gaba ne. Jar ƙwayar jinin kare da ya kamata ta yi kusan kwana 110 tana aiki sai ta ƙare a cikin kaɗan daga wannan lokaci. Sannan sinadaran kumburi suna sa jiki ya kulle sinadarin ƙarfe a ma'ajiya ya hana ɓargo samunsa, don haka ɓargon ba ya iya mayar da gurbin abin da aka rasa. Shi ya sa kwalaben maganin ƙarin jinin da aka ɗura wa Duna ba su tsinana komai ba, domin ba ƙarfe ne babu a jikinsa ba, a kulle yake. Haka ƙwayoyin daskarar da jini su ma saifar ke cinye su.

Ido kuwa wuri ne da jiki ke hana garkuwa shiga da yawa, saboda kumburi kaɗan ya isa ya ɓata gani. Da ƙwayar ta ratsa ta shiga ruwan da ke gaban ido, fararen ƙwayoyi da antibodi suka bi ta ciki, cikin idon ya kumbura, siririn shimfiɗin da ke tsotse ruwa daga gilashin ido ya lalace, gilashin ya sha ruwa ya yi fari. Farin nan ruwa ne da ƙwayoyin kumburi, shi ya sa na gaya wa dattijon cewa akwai fatan ya washe. Irin wannan kumburi ne ke sa jijiyoyin jini su riƙa yoyo, wanda tare da faɗuwar albumin ya kawo kumburin fuska da marena, kuma dunƙulen antibodi da tarkacen ƙwayar suna iya maƙalewa a matatar ƙoda, yayin da naman zuciya ke iya kumbura har ya kashe kare farat ɗaya. Fitsarin Duna ya nuna furotin kaɗan, bugun zuciyarsa yana da sauri amma bai rikice ba.

Da na yi wa Alhaji bayani ta waya, abin da ya fara tambaya shi ne ko akwai allurar ƙara ƙarfin garkuwa da za a yi masa. Na ce, "Ranka ya daɗe, garkuwarsa ba ƙarfi ta rasa ba, abin da take bi ne ba ya kamuwa. Sai mun kashe ƙwayar da magani sannan za ta huta." Ya ɗan yi jim a kan kuɗin, na ji dattijon a gefe yana cewa, "Alhaji, ai an gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare ruwa, balle wannan da ya shekara uku yana tsare maka dukiya." Alhaji ya ce a yi duk abin da ya kamata. Na yi masa allurar diminazin sau ɗaya a tsoka, miligiram 7 ga kowane kilo, bayan na sake auna nauyinsa da kaina. Wannan magani makiyaya sun san shi da sunan Berenil, kuma sun saba yi wa shanu shi da kiyasin ido, amma a jikin kare tazarar da ke tsakanin magani da guba ƙanƙanuwa ce, idan aka zarce ko aka maimaita da wuri yana jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, kare ya fara tangaɗi da karkace wuya, sau da yawa ya mutu. Na ja kunnen dattijon cewa ko Duna ya sake kwantawa kada kowa ya ƙara masa. Ban yi masa ƙarin jini ba domin yana iya tsayawa kuma numfashinsa bai yi sama-sama ba, amma mun tanadi karen da za a ɗiba idan PCV ya ƙara faɗi. Ga ido na ba da ɗigon rage kumburi tare da atirofin, wanda ke rage zugin ido. Ban ba shi maganin danne garkuwa na sha ba, duk da cewa garkuwar ce ke cin jininsa, domin ita ce kuma ke taimaka wa diminazin wajen share ragowar ƙwayar.

Washegari ba a ga ƙwaya ko ɗaya a jininsa ba, zafi ya sauka zuwa 38.9, a kwana na biyu ya ci shinkafa da dafaffiyar hanta. A kwana na bakwai PCV ya hau zuwa 24, idon dama ya fara washewa daga gefe, a kwana na goma sha huɗu ya kai 30, kaluluwa ta ragu zuwa girman gyaɗa. Na buƙaci a riƙa kawo shi kowane mako, kuma a kowane zuwa muna juya jinin a siririn bututu mu duba farin layin da ke tsakanin ruwan jini da jajayen ƙwayoyi, inda ƙwayar ke taruwa ko da kaɗan ce.

A kwana na 26 bayan allurar diminazin, Duna yana ci yana wasa, amma zafinsa 39.7 ne, kuma a wannan farin layi na ga ƙwaya uku suna murɗawa. Dawowar sammore bayan magani tana da hanyoyi biyu sanannu. Ta farko, diminazin ba ya ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da yawan da zai kashe ƙwayar, don haka waɗanda suka riga suka ɓuya a can, ko a cikin ido, sukan jira maganin ya fita daga jini su dawo da sabuwar riga da garkuwa ba ta sani ba. Ta biyu, ƙwayar da ta fito daga san da aka sha yi wa allura rabi-rabi a hanya takan zo ta riga ta saba da maganin. Hanyoyin biyu duk abu ɗaya suke nema, wato a sauya magani, don haka na yi masa isometamidiyom, miligiram 1 ga kowane kilo, can cikin tsoka domin yana ƙona nama. Wannan magani yana zama a jiki watanni yana kare jini, wanda ke nufin jini mai tsabta a cikin wata biyu ko uku na farko ba hujjar warkewa ba ce, dole a ci gaba da dubawa bayan ƙarfinsa ya ƙare.

Akwai wani ɓangare da ba a gani da ido amma ya shafi kowa a siton. Garkuwar da ta yi makonni tana aikin banza takan gaji, wani rukunin fararen ƙwayoyin da ake kira T su daina amsa kira saboda sinadaran da makurofaj ke saki, ƙwayoyin B kuma su ƙare. Wani bincike da aka buga a 2008 a kan ɓeraye ya nuna cewa wannan ƙwaya tana rusa rukunin ƙwayoyin B a saifa har ta shafe kariyar rigakafin da aka yi wa dabbar tun kafin ta kamu, kuma masu bincike a Nsukka, waɗanda suka daɗe suna nazarin sammore a karnuka, sun nuna cewa karen da ke ɗauke da cutar ba ya amsa allurar rigakafi yadda ya kamata. Katin Duna ya nuna an yi masa rigakafin haukan kare wata biyar kafin ya kwanta. Kare ne mai gadi a wurin da 'yan dako da almajirai ke shige da fice, ga karnukan bola suna zagaya kasuwa da dare, saboda haka ban yarda in dogara da wannan tsohuwar allura ba. Ban kuma yi gaggawar sabunta ta ba, domin rigakafin da aka yi wa jikin da bai farfaɗo ba asara ce. Na jira har PCV ya kai 39, gulobulin ya sauko, aka yi wata biyu jini na fita da tsabta, sannan na sake masa ta haukan kare da ta sauran cututtukan karnuka, kuma a tsawon wannan lokaci a ɗaure yake da rana, ba ya cuɗanya da wasu karnuka.

Yanzu wata biyar ke nan da allurar isometamidiyom. Nauyinsa ya koma kilo 30, idon dama ya washe tas, na hagu kuwa wanda ya fara kamuwa ya bar tabo fari a tsakiya, kuma idan mutum ya tunkaro shi ta wannan gefen sai ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya gane shi. Ban ga tangaɗi ko karkatar wuya ko sauyin hali ba, waɗanda su nake nema a kowane zuwa a matsayin alamar cewa ƙwayar na nan a ƙwaƙwalwa. Dattijon ya samo wata tsohuwar tukunya ya ware ta a gefen murhunsa, duk abin da za a ba Duna daga mahauta sai ya tafasa a ciki, kuma ya hana yaran siton jefa masa ɗanyen ƙashi. Gwajin jini na gaba zai kama farkon wata mai zuwa, na kuma shaida wa Alhaji cewa za mu ci gaba da shi kowane wata har shekara ta zagayo.